Makka zuwa Madina: Ajiye makullin nan ka hau jirgin ƙasa

Idan Allah ya nufe ka da zuwa Umara, ko kuma kai ne ɗan da gida suka ɗora wa rakiyar Hajiya da Baba, akwai shawarar da za ta taso tun kafin biza ta fito. Tsakanin Makka da Madina, mota za ka ɗauka haya ka ja da kanka, ko jirgin ƙasa za ku hau? A da babu wannan tambayar, wakili ne zai zuba ku a safa, ku yi ta zama har Allah ya kai ku. Yanzu da yawanmu a waya muke kama otal, mu tsara kwanakinmu, shi ya sa zaɓin ya dawo hannunmu. Ba zancen aikin Hajji nake ba, can hukumomi ne ke tsara sufuri. Umara nake nufi, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba: hau jirgi.

Tazarar garuruwan biyu ta kai kusan kilomita 450, kamar dai ka tashi daga Kano ka nufi Abuja. A ƙaramar mota awa huɗu zuwa biyar ne, safa kuwa takan ci shida ko fiye idan an haɗa da tsaye-tsaye. Jirgin Haramain, wanda Sarki Salman ya ƙaddamar a watan Satumban 2018 ya kuma fara ɗaukar fasinja a Oktoban shekarar, gudunsa yana kai kilomita 300 a awa ɗaya, yana kuma cinye tafiyar cikin kimanin awa biyu da rabi. Tashoshinsa biyar ne: Makka, cikin garin Jidda, filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, birnin kasuwanci na Sarki Abdullah da ke kusa da Rabig, sai Madina. Wanda jirginsa ya sauka a sabon ɓangaren filin Jidda, da ƙafa zai taka ya isa tashar.

Na san abin da ke jan mu ga mota, ai ni ma saurayi ne. Baƙin gilashi a ido, hannu ɗaya a kan sitiyari, duwatsun Hijaz suna wucewa ta taga, aboki yana ɗaukar bidiyon da za a ɗora a TikTok. Ga man fetur lita riyal biyu da ɗoriya, ga titi sumul ba rami. Sannan Saudiyya hannun dama suke bi kamar Najeriya da Nijar, ba irin Ingila ba da komai yake a juye. Sai ka ji mutum yana cewa, haba, wanda ya iya ratsa cunkoson Kano da yamma, wace hanya ce za ta gagare shi?

To wannan kamannin shi ne tarkon. Gwanintar da muka koya a gida ta kauce wa rami ce, da sanin lokacin da ɗan adaidaita zai yanko maka ba sigina. A can wata gwanintar ake nema. A wasu sassan babbar hanyar an halatta wa ƙananan motoci gudun kilomita 140 a awa, kuma mutanen gari suna cika shi. Ka ɗan yi jinkiri a layin hagu, sai ka ga wata ƙatuwar mota ta manne maka a baya tana ƙyafta fitila. Hanya ce miƙaƙƙiya fetal, babu ramin da zai jijjiga ka ka wartsake, babu mai tallan ayaba da zai sa ka taka birki. Sanyin mota yana ratsa ka, waɗanda ka ɗauko duk sun yi barci, kai kaɗai ne da kwalta. Gyangyaɗin daƙiƙa biyu a wannan gudun, mota ta yi tafiyar kusan mita 80 babu mai riƙe da ita.

Kuma ka duba jikin da zai yi tuƙin. Mutumin da ya yi ɗawafi bakwai cikin turmutsitsi, ya yi sa'ayin da ya haura kilomita uku, wataƙila ma yana tura keken Hajiya. Barcinsa a gutsure yake, ya kwanta bayan isha da jinkiri, ya tashi tun kafin asuba don ya samu sahu. Idan da azumi ne ba a magana. Wannan mutumin ne zai ce shi zai kai iyayensa Madina a sitiyari. A watan Oktoban 2019, wata safa ta yi karo da motar aikin gini a kan hanyar nan kusa da Madina, mutum 35 suka rasu. A Nuwamban 2025 wata safar ɗauke da masu Umara 'yan Indiya ta yi karo da tankar mai, fiye da mutum 40 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Direbobin safa tuƙi ne sana'arsu, kai kuwa baƙo ne da ya sauka shekaranjiya. Ajali yana hannun Allah, babu musu, amma ai an ce mu ɗaure raƙumin kafin mu yi tawakkali.

Sai batun kuɗi, inda masu son mota suka fi ƙarfi. Lissafinsu mai sauƙi ne: tikitin mutum ɗaya ya haura riyal 100, mu biyar ne, ka ninka ka gani, alhali mota guda za ta kwashe mu duka. Wannan gaskiya ne, amma rabin lissafi ne. Farashin da ka gani a manhaja na hayar yini ne kawai. Kamfani zai riƙe kuɗin jingina a katinka, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin biyan wani abu a waje da katin naira ya san ba kullum yake amsawa ba. Akwai inshora, wadda mafi araharta takan bar maka wani kaso ka biya da kanka idan an gogi motar. Idan a wannan gari ka ɗauka ka ajiye a wancan, yawanci da ƙarin kuɗi. Za a nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, kamfanoni da yawa kuma ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba. Ga kyamarorin Saher da ke bakin hanya, su ba a yi musu "yallaɓai a yi haƙuri". Lambar mota za su ɗauka, tarar ta tafi wurin kamfani, kamfani ya cire daga kuɗinka, wani lokacin ma kana gida kana rabon dabino.

Idan ka isa fa, ina za ka kai ta? Kewayen Harami wurin masu ƙafa ne da motocin bas, wurin ajiye mota a can tsada ne da wahala, da azumi ma akan tsayar da ƙananan motoci a manyan filayen da ke bakin gari, mutane su ƙarasa a bas. Wato ka biya kuɗin motar da za ta yi kwanaki a ajiye, kai kana takawa zuwa masallaci.

Jirgin ma fa yana da nasa, kar ka ce ban faɗa ba. Babbar matsalarmu da shi kaya ce. Ƙa'idarsu akwati ɗaya mai nauyin kilo 25 da 'yar jakar hannu. Mu kuwa ka san mu da tsaraba: jallabiyar kawu, abayar gwaggo, darduma goma, dabino katan-katan, turaren maƙwabta. Wanda ya gama sayayya a Madina sannan ya nufi tasha da buhuna uku, a bakin ƙofa zai gane kurensa. Dabarar ita ce ka bar babbar sayayya sai a garin ƙarshe, wanda daga shi sai filin jirgi. Sannan tashoshin ba a ƙofar masallaci suke ba. Ta Makka tana unguwar Rusaifa, ta Madina ma da 'yar tafiya, dole ka sa kuɗin tasi ko bas a lissafi.

Akwai kuma miƙati. Mai tasowa daga Madina da niyyar Umara a Zul Hulaifa yake ɗaukar harami, wurin da aka fi sani da Abyar Ali. Mota za ta tsaya a can ka yi wanka, ka yi nafila a natse. Jirgi ba ya tsayawa, don haka tun daga masauki ake shiryawa a ɗaura harami. Yadda za ka yi da niyya kuwa, tambayi malaminka tun kana gida, kar ka bari sai jirgi ya ɗauki gudu ka fara neman fatawa a WhatsApp. Ga dattijon da zuciyarsa ba za ta kwanta ba sai ya taka masallacin miƙati da ƙafarsa, wannan dalili ne mai nauyi, ban raina shi ba. Amma ko a nan, abin da ya dace shi ne ku ɗauki mota da direbanta, ɗan gari mai lasisin haya, kai ka zauna a gefe ka riƙa jan sa da hira. Haka nake gani game da wuraren da dogo bai kai ba, irin Badar da ke da tazarar kusan kilomita 150 daga Madina, ko Ɗa'ifa da hanyarta ke nannaɗe a jikin dutse. Hanyar Hada ba wurin koyon hannu ba ce.

Ina zargin wani abu ma daban yana cikin wannan ƙin jirgin da muke yi. Mu tsararrakin da muka tashi muka tarar da tsohon dogo ya zama wurin shanya da kiwon awaki ne. Da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016 mun fara sabawa, sai harin 28 ga Maris 2022 ya zo ya mayar da hannun agogo baya, layin ya yi watanni a rufe. Don haka a ƙwaƙwalwarmu mota ce abin dogaro, ita ce kuma alamar mutum ya isa. Wannan tunanin muke sawa a akwati mu tafi da shi ƙasar da lissafin ya sha bamban. A can jirgin yana da lokacin tashi a rubuce a tikiti, kujerarka da lambarta, akwai banɗaki, akwai wurin sayen shayi. Hajiya mai ciwon gwiwa za ta iya miƙewa ta ɗan taka, ba sai ta yi ta alkunya tana jiran a iso gidan mai ba.

Abu ɗaya da zai iya ɓata maka shiri shi ne jinkirin yankan tikiti. Kowane jirgi kujeru 417 gare shi, kuma da azumi, musamman goman ƙarshe, da wuri suke ƙarewa. Da zarar ranakun tafiyarku sun tabbata, shiga shafinsu ko manhajarsu ka yanka, ka tabbatar sunan kowa da lambar fasfo sun yi daidai da abin da ke cikin fasfon. Ranar tafiya ku isa tasha da wuri, don akwai binciken kaya kamar na filin jirgin sama, kuma ana rufe ƙofa kafin lokacin tashi. Ba tashar Unguwa Uku ba ce da za ka bugo waya ka ce direba ya ɗan jira, Baba yana alwala.