Wat 5000 a jikin kwali: ƙaryar da muke saye da kuɗinmu

Yau da faɗa na zo, kuma da kai nake, kai da ka tara kuɗi za ka sayo amfilifaya ka haɗa da sifikun ɗakinka, ka riƙa jona wayarka kana jin karatu ko waƙa ko sharhin ƙwallo.

A ce ranar Lahadi ce ka shiga kasuwar Mai'adua, ka nufi kara. Dillali ya ce maka ragon nan duk kasuwa babu kamarsa. Za ka zaro kuɗi nan take? Ina! Sai ka buɗe bakinsa ka duba haƙora, ka shafa gadon baya, ka ɗaga ka ji nauyi. To don Allah me ya sa in ka shiga shagon kayan lantarki, a nan ko Daura ko Sabon Gari a Kano, ka ga kwali an rubuta 5000W da manyan baƙaƙe, sai wayon nan naka ya tafi hutu?

Wancan watan wani maƙwabcina ya kira ni in ga sabuwar amfilifayarsa. Kwali ya ce wat 3000. Na ce miƙo min adaftar da take aiki da ita. A jiki an rubuta 12V da 3A. Lissafin ɗan firamare ne: ka ninka bolt da amfiya, shi ne wat. 12 sau 3, wat 36 ke nan. Abin da ke shiga cikinta daga bango bai wuce 36 ba, ta ina 3000 za su fito? Na'ura ba ta haifar wuta. Abin da ta sha shi take bayarwa, kuma ba duka ba, don wani yana tafiya a zafi.

Kwatanta da abin da ka sani. Dutsen guga na lantarki yana shan wajen wat 1000. Ƙaramin janareton nan da masu shago ke kunnawa da dare ba ya ma kai wat 1000. Amfilifayar da za ta ba da 5000 na gaskiya sai ta sha fiye da wutar dutsen guga biyar a lokaci guda. Ita ce wannan da ka ɗauka da hannu ɗaya kamar burodi?

Sirrin yana cikin ƙananan haruffan da ke gefen lambar: PMPO. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da aka yi ittifaƙi a kanta, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Awon da za ka nema shi ne RMS, wato ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a ɗore, ba na ƙiftawar ido ba. Matsalar ba yau ta fara ba. A Amurka, tun 1974 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta kafa doka cewa mai tallan amfilifayar gida dole ya bayyana ƙarfin da take bayarwa a ɗore, saboda irin wannan cika baki ya yi yawa. Shekara hamsin ke nan da suka gano, mu har yanzu lambar kwali muke tayawa.

Kuma kada mu ɗora wa ɗan kasuwa laifin shi kaɗai. Ajiye guda biyu a gabanmu, ɗaya ta ce wat 50 RMS tana faɗin gaskiya, ɗaya ta ce 5000 tana zuba, wacce za mu ɗauka? Mu ne muka koya wa kasuwa cewa ƙarya ta fi ciniki.

Na san me za ka ce: "Malam, ni dai ƙara nake so, babba ai ta fi ƙarama." Saurara. In ka tashi daga wat 50 ka koma wat 100, ƙarin da za ka samu desibel 3 ne kacal, ɗan ƙari ne da kunne zai ji amma ba ninki ba. Kafin kunnenka ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka wat wajen sau goma. Sannan galibin sifikun gida, da wat 1 tak suna ba da desibel 85 zuwa 90 in kana tsaye mita ɗaya daga gabansu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraron desibel 80. Wato wat ɗaya ma ya haura wannan. A ɗaki sha biyu sha biyu, wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare ya ishe ka har maƙwabta su aiko yaro. Mai gidan kallon ƙwallo da mai DJ na biki lissafinsu daban ne, kai ɗaki kake da shi.

Wani kuma zai ce: "To shi ke nan, bari in sayi 'yar ƙarama, ba za ta ƙona min sifika ba." Nan ma akwai rami. In amfilifaya ta yi wa sifika kaɗan, za ka yi ta murɗa ƙara har ƙarshe. Da ta kai iyakarta sai sauti ya fara fashewa, murya ta shaƙe kamar mai mura. Wannan fasasshen sautin shi ke dafa siririn kwayil na ƙaramar sifikar da ke fitar da siririyar murya. Sau da yawa abin da ke kai sifika wurin mai gyara ke nan: amfilifaya mai ƙaryar wat da aka matsa mata lamba.

Saboda haka kafin ka biya, ga abin da za ka duba, kamar yadda kake duba haƙoran rago:

1. Fara da sifikarka. In tana da wayar wutarta da maɓallin ƙara a jiki, tana da amfilifaya a ciki, ba ka buƙatar wata, riƙe kuɗinka. In ba ta da su, juya bayanta ka ɗauki hoton lambobi biyu da wayarka: wat RMS da om. Om shi ne mai alamar Ω, yawanci 4 ko 6 ko 8.

2. Nemi amfilifayar da RMS ɗinta a kowane ɓangare ya yi daidai da na sifikar, ko ya ɗan ɗara shi, a kan om iri ɗaya. Wadda ta ba da wat 100 a om 4 ba za ta ba da 100 a om 8 ba, za ta sauko sosai.

3. Juya bayan amfilifayar. Duba wutar da aka rubuta tana sha, ko lambar fis, ko adafta. In fis ɗin 1A ne a kan bolt 230, duk abin da za ta iya ja bai wuce wat 230 ba, ko da kwali ya rantse da 8000.

4. Daina tara sifiku a baki ɗaya. Sifika biyu masu om 8 in ka murɗe wayoyinsu wuri guda, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Guda huɗu sun koma om 2. Galibin amfilifayar gida ba ta jure om 2. Za ta yi zafi, ta ɗauke, wata rana ka ji ƙauri.

5. Yi lissafin wutar gidanku. In da sola da batir kake rayuwa, nemi wadda ake kira Class D, tana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa ga sifika, tsohon samfurin Class AB kuwa kusan rabi yake zubarwa a zafi. In wutar NEPA ce mai hawa da sauka, sa mata sitabilaiza. In 'yar Beljiyam ce, karanta bayanta da kyau, don kayan da aka yi wa Amurka na bolt 120 ne, namu 230. Jonawa ɗaya ta isa ta gama da ita.

6. Tambayi ta ina waya za ta shiga. Amfilifayar ƙarfi zalla, irin ta masu DJ, sau da yawa ba ta da Bluetooth, kuma siginar da waya ke fitarwa ba lalle ta ishe ta ba sai an sa miksa a tsakani. In wayarka kawai za ka jona, wadda ta haɗa komai a jiki ɗaya ta fi maka sauƙi da araha.

7. Gwada kafin ka biya. Ba a cinikin biri a sama. Je da wayarka da karatu ko waƙar da ka san muryarta sarai, a kunna na minti goma, ka ɗaga ƙara ka ji inda take fara fashewa, ka taɓa jikinta ka ji zafi. In mai shago ya ƙi a gwada, ka yi masa sai an jima.

In ka kawo ta gida, kada ka cusa ta cikin durowa ko ka rufa mata ƙyalle don ado. Ka san zafin bazararmu yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe ramukan iska. Bar mata sarari, ka riƙa kaɗe ta.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi komai tsada. Sifika in ta ƙone ana naɗa mata sabon kwayil. Ji in ƙara ta lalata shi ba ya dawowa, babu mai gyaransa a Daura, babu a Kano, babu a ƙasar waje. In ka kashe kiɗa ka ji kunnenka yana ƙugi, gargaɗi ne. Ga tsohuwar da ke bayan katangarka, ga mai jego, ga ɗalibin da ke bitar karatu, duk suna da haƙƙi a kanka.

Don haka in ka tashi saye, kada ka tambayi mai shago wat nawa ce. Ce masa ya juyo maka bayanta, ka ciro wayarka, ka buɗe kalkuleta. Ka tura wa duk ɗan'uwan da ka san yana shirin saye kafin Lahadi ta zagayo. Allah Ya sa mu dace.