Waiwaye: Daminar da Inna ta hana yaye

A Adar kaka ce ke yaye. In yaro ya doshi shekara biyu sai a sa rana, a kai shi ɗakin kakarsa, ya sha kukansa nesa da nono, a lallashe shi da fura da ɗan abin marmari har ya dangana. Mu malaman lakkwal mun mayar da babban hutu lokacin wannan aiki, tunda ana rufe makarantu wajen ƙarshen Yuni, ba a komawa aji sai Oktoba. Da wannan lissafi na bar Tawa a daminar 2005 da goyona, na nufi Bambeye wurin Inna, uwar mijina. Yaron ɗan fari ne, don haka kada mai karatu ya jira jin sunansa daga bakina.

Bambeye na kudu maso yamma da Tawa, ba wata tafiya ba ce. A waccan shekara manyan rumbunan laka na nan tsaye yadda aka san su, sai dai yawancinsu wayam. Ruwan 2004 ya ɗauke da wuri, fara kuma ta bi ta kan abin da ya rage. Kafin a shiga marka, buhun hatsi mai kilo 100 ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni, farashin dabba ya faɗi, mutum ya ja akuya kasuwa ya komo da ƴan tiyoyi. Adarawa mutanen biɗa ne, gida da wuya ka rasa mai ɗa a Abijan ko Najeriya ko Libiya, amma yaƙin da ya ɓarke a Kodebuwa a watan Satumba na 2002 ya rage aiken da ake dogaro da shi.

Da na gama gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni, Inna ta ɗauki jikan ta juya shi, ta duba idonsa da damtsensa, sannan ta ce: “Ɗiyata, wa yac ce miki ana yaye cikin damana? Hatsi na ga ƙasa, rumbu babu komi. In kin raba mijin nan nawa da nono yanzu, mi za ki ba shi? Bari sai an ci tumu.” Na kawo mata zancen komawa aiki, ta ce lakkwal ta jira. Uban yaron da labari ya kai masa bai ƙara ko kalma ɗaya a kan ta uwarsa ba. Ni da na zo ajiye yaro in koma gari, sai ga ni zaune har kaka.

Inna ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta ga yunwar 1973, ta ga ta 1984, kuma ta san irin yaran da ake fara rasawa. A ƙasarmu ƙarewar abinci da yawan sauro lokaci ɗaya suke zuwa, daga Yuli zuwa Oktoba, ga ruwan sha da ke gurɓata. Ɗan yaye da ya kamu da zawo ko masassara a wannan tsakani yana zubewa cikin ƴan kwanaki, domin cikinsa ƙarami ne, furar da aka tsinka da ruwa kuma cika ciki kawai take yi. Nono kaɗai ne abincin da ba ya bi ta rijiya ko tabki kafin ya kai bakinsa. Addini ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, likitoci ma suna cewa shekara biyu ko fiye. Inna dai da kalandar gona take auna nata.

Washegari ta miƙa mini kwasa. Bayan ɗakinta akwai wani faƙo da ko ciyawa ba ta so, nan ta sa na haƙa ƴan ramuka, na tara ƙasar kowane a gefen gangare don ta tare ruwa, muka zuba kashin awaki. Wannan ita ce tassa, dabarar da ta bazu a Adar tun ƙarshen shekarun 1980, bayan wani shiri na raya karkara ya kai manoman yankin Illela ƙasar Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake farfaɗo da mataccen fili. Maza sun ɗauke ta don hatsi da dawa. Inna ta ɗauke ta don miya. Muka shuka guro da yakuwa da wake da kabewa, ga zogale biyu da ta daɗe tana ba ruwan wanke-wanke. Muka kewaye da kara da ƙayar aduwa saboda awaki.

Shingen ya tsare awaki, bai tsare mai gidan Inna ba. Yana ganin mun tsugunna muna cire ciyawa sai shi ma ya tsugunna, ya tumɓuke duk abin da hannunsa ya kai, ya kawo mini da murna. Guron da ya sha tuga a hannunsa ba kaɗan ba ne. Na so in riƙa ɗaure shi a baya, Inna ta hana. Ta ware masa rami biyu a bakin shinge, ta ba shi ƴar ƙwarya da ƙwayoyin wake, ta ce nan ce gamanarsa. Ya shuka, ya tone, ya sake shukawa, ya cika ramin da ruwa har ya zama taɓo, mu kuwa muka samu sararin aiki.

Ganye ba ya maye gurbin hatsi, kada wani ya ce na faɗa. A shekarar ne ƴan jaridar waje suka yi ta ɗaukar hoton mata suna tsinkar ganye a daji a matsayin shaidar yunwa, Shugaba Mamadu Tanja kuma ya fito a watan Agusta ya musa wa BBC cewa ana yunwa a Nijar. Wanda ya zauna ƙauye ya san inda gaskiyar take. Tafasa da lalo da gasaya abincinmu ne kowace damina, ko rumbu na cike. Abin da ya bambanta 2005 shi ne cin su ba tuwo, da komawar gidaje ga anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. A gidan Inna, albarkacin ɗan albashinmu, hatsi bai yanke ba. Aikin lambun shi ne ya hana kwanon yaron zama farin kunu zalla. Ta kan soya wake sama-sama a daka a tankaɗe, a zuba garin cikin kununsa da ɗan ƙuli-ƙuli, in akuya ta ba da nono a ƙara. Ganyen zogale da na wake a dafa su lugub a murje masa cikin miya. Sau da yawa ake ba shi, kaɗan-kaɗan, a kwanonsa shi kaɗai, domin in an haɗa shi da manyan yara kafin ya kai loma biyu sun sauke kwanon.

Har yau ina ganin an raina wannan lambu na bayan ɗaki. Tun da Shugaba Seyni Kunce ya matsa a kan noman rani bayan farin 1984, in an ce lambu a jiharmu hankali sai ya tafi ga albasar Galmi, da fadamun Tadis, da injin ban ruwa, da motocin da ke lodi zuwa Gana da Kodebuwa. Wannan arziki ne, ba mai musu. Amma kuɗin albasa da rani yake shigowa, aljihun namiji yake shiga, kafin Agusta kuma ya daɗe da tafiya. Abin da ke kaiwa bakin ɗan shekara biyu a tsakiyar marka shi ne wanda uwarsa za ta miƙa hannu ta tsinko, tukunya na kan wuta.

Ɗinki kuwa sauro ne ya koya mini shi. Sangen da muka tarar tsoho ne, duk huji. Ni ƴar boko ce, allura ba ta taɓa zama a hannuna ba sai don maɓalli. Inna, wadda ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya har ta koma riƙe ruwa, ta nuna mini yadda ake ɗora ƙyalle a kan huji, a kalmashe bakinsa, a bi shi da ƙananan ɗinki don kada ragar ta ƙara yagewa. Kafin mu gama, sangen ya koma kamar rigar mahaukacin kasuwa, ja a nan, shuɗi a can. Sauro dai bai ƙara samun ƙofa ba.

Daga nan na ji daɗin abin. Wata maƙwabciya da ta yi koyon sana'a a cibiyar mata ta Tawa tana da keken Butterfly na ƙafa, wanda mijinta ya kawo mata daga biɗa. Da la'asar nakan je ta koya mini saka kwarkwaro a ƙoshiya, da daidaita taka keke, wanda ya fi komai ba ni wuya: ƙafa ta yi gaba, keken ya koma baya, zare ya cukurkuɗe. Ta ce kada in taɓa sabon yadi sai na iya miƙe layi a kan tsumma. Tsofaffin zannuwana na yanka na yi wa yaron riga mai dogon hannu da wando har idon sawu, don yamma lokacin da sauro ke fitowa ana hira a tsakar gida. Hannun rigar farko ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Matan gida suka yi dariya har da hawaye, Inna ta ce ango ya samu kayan zuwa Abijan. Bayan kwana kaɗan biyu daga cikinsu suka kawo nasu zannuwan.

Yawon damina a ƙauye ba sai an shirya shi ba. Muna hawa amalanken jaki zuwa gona lokacin maimai, a shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin aduwa ko kalgo, domin gawo, da yake shi da rani yake ganye, ba ya da inuwa a wannan lokaci. Ƴar raino na gefensa tana cire masa ƙarangiya daga sabon wandon, wadda ta fi son yadi a kan fata. Wani lokaci garken makiyaya su ratsa, suna haurawa arewa wajen Azawak da Ingal inda dabbobi ke lasar gishiri, ya tsaya baki buɗe yana nuna raƙuma. Bakin tabki ne kawai Inna ta kafa doka: ba ya zuwa da yara, sai da babba, kuma a goye. Ƴan rainon nan su ma yara ne, wata ba ta wuce shekara bakwai ba, ɗan tata kuwa ruwan da bai kai gwiwa ba ya ishe shi.

Fitar da ba na mantawa ita ce ta wata Lahadi da muka shiga kasuwar Tawa sayen zare da allurar keke. A hanya muka wuce wurin da ake karɓar yara masu tamowa. Mata ne zaune cikin rana da goyo, ana auna damtsen yara da ɗan ma'auni mai launi, wanda ya faɗa ja a ba uwarsa ƙunshin maɗin gyaɗar nan na Plumpy'nut da mutane suka laƙaba wa biskit. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a waccan shekara. Yawancin waɗanda na gani sa'annin nawa ne. Wata da muka gaisa ta ce kwanika ce ta sa aka yaye nata da gaggawa tun bazara. Mun koma Bambeye ba wanda ya yi maganar yaye.

Abubuwa sun sauya tun daga nan. A watan Disamba na 2005 aka haɗa rabon sange mai magani da rigakafin shan inna, aka raba wajen miliyan 2 ga uwayen ƙananan yara. A 2006 gwamnati ta ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, ko da yake jinkirin biyan likitoci kuɗinsu ya sha sa uwa ta je ta tarar babu maganin. A 2013 aka fara ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin masassara wata-wata a cikin damina, Madawa da Buza na cikin wuraren farko. Duk wannan alheri ne da Inna ba ta samu ba a zamanin goyonta. Sai dai sangen kyauta ma yana yagewa, kuma maganin nan na kwana uku ne: masu rabo su ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku yana hannun uwa.

An ci tumu a watan Satumba. Inna ta bari aka fara yankan hatsi, sabuwar fura ta wadata, sannan ta karɓi mijinta ta ce in tafi in ba su wuri. Kukansa bai yi nisa ba.

Ƴan uwana mata da ke shirin kai yara ƙauye a hutun bana, musamman ma'aikata irina da kalanda ke kora: ku tafi da sange da allura da katin likita, ku tambayi ranar rabon maganin masassara a garin da za ku, ku cika na kwana ukun. In kuma yaye ne ya kai ku, ku leƙa rumbu kafin ku sa rana. Maza masu niyyar biɗa, ku bar wa matanku irin wake da na guro da akuya mai nono kafin ku hau mota.