TARAR DA BA TAKARDA, KAMUWA CE

Hausawa na cewa shari'a mace ce da ciki, ba mai sanin abin da za ta haifa. Mun yarda. Amma a al'adarmu duk macen da ta sauka lafiya akan yi shela, a tara jama'a ran bakwai, a raɗa wa jariri suna kowa ya ji. Haihuwar da ake ɓoyewa kuwa, kowa ya san irinta. To, a kan titunan birnin Gombe ana ta haihuwar hukunci safe da yamma, a bakin shataletale da gindin maina, ba shela, ba suna, ba takarda. A tsayar da mutum, a zare makullin babur ɗinsa, a yanka masa kuɗi, ya biya, a watse. In gari ya waye ya nemi shaidar laifin da ya yi, ko ta aljihun da kuɗinsa suka kwana, sai ya tarar iska ta riga ta share sawu. Matsayinmu a fili yake: duk tarar da ba a rubuta ta ba, kuma wanda aka ci ba zai iya komawa ya duba ta a kundin hukuma ba, ba ta cancanci a kira ta hukunci ba.

Kada mai karatu ya zaci muna goyon bayan masu tuƙin ganganci. Tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Gombe daga ta Bauci, garin nan yake ta kumbura, har ya haɗe da Tumfure da sauran ƙauyukan da a da ake kiran zuwa cikinsu tafiya. Hanyoyin Bauci da Dukku da Bajoga da Biu da Yola duk a nan suka haɗu. Manyan motocin siminti daga Ashaka, da masu lodin masara a Tudun Hatsi, da Keke Napep, da 'yan acaɓa, da yara 'yan makaranta, duk kwalta ɗaya suke rabawa. Ga shi garin a kwari yake, kowa ya san abin da ke faruwa idan birkin tirela ya tsinke a gangaren shigowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne haɗarin hanya ke kashewa kowace shekara a duniya. Saboda haka muna son a kama mai laifi, a kuma hukunta shi. Abin da muke ja da shi ita ce kamawar da ba ta barin alama.

Abin mamaki, ita kanta doka ba ta yi ƙwauron bayani ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, aka kuma sabunta dokarta a 2007. Tsarin da aka shimfiɗa mata shi ne, jami'i ya rubuta wa mai laifi takarda mai lamba, ya bayyana laifin, ya bayyana tarar. Jadawalin da ya biyo dokar 2007 ya yanka Naira 2,000 a kan rashin ɗaura bel, Naira 4,000 a kan amsa waya ana tuƙi, Naira 50,000 a kan tuƙin ganganci, kowane laifi kuma da makin da za a rubuta wa direba. Tun daga 2015, da aka tilasta wa hukumomin tarayya zuba kuɗin shigarsu a asusu guda, ta banki ake biyan irin wannan tara, a kan lambar Remita. Babu inda aka ce a miƙa wa jami'i ko sisi a hannu. Wanda bai amsa laifinsa ba, ƙofar kotu a buɗe take gare shi, domin dokar ta ba Babban Jojin jiha ikon kafa kotun tafi-da-gidanka don irin waɗannan laifuffuka.

Kotun tafi-da-gidanka kuwa, ko a ƙarƙashin rumfa ta zauna, kotu ce. Duk abin da Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa majistare a cikin ginin siminti, ya ɗora masa a bakin hanya. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da shi, a sanar da shi tuhumar cikin harshen da yake ji, a samar masa tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu, kada kuma a hukunta shi a kan laifin da ba a rubuce yake a doka ba. Ƙaramin sashe na 7 ya wajabta wa kotu ta ajiye rubutaccen bayanin zamanta, ya kuma ba wanda aka yi wa shari'a haƙƙin karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7. Wannan haƙƙin ɗan acaɓan Bolari ne, kamar yadda yake haƙƙin mai babbar riga a Abuja. Sai dai a shiga Tashar Dukku a tambaya, direba nawa ne ya taɓa jin labarinsa, balle ya riƙe irin wannan kwafi a hannunsa?

A nan gizo ke saƙar. Mai abin hawa a Gombe yana iya cin karo da ɗan sanda, da jami'in kiyaye haɗurra, da na VIO mai duba lafiyar mota, da dakarun GOSTEC da gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta kafa, da masu yankan tikiti iri-iri, duk kafin ya kai fasinja daga Pantami zuwa Jekadafari. A cikinsu akwai masu aiki tsakani da Allah, suna shan rana don rayukan jama'a, muna kuwa jinjina musu. Amma talaka bai san wa ke da ikon tsayarwa ba, wa ke da ikon kamawa, wa ke da ikon yanka tara. Ba kuwa tambayar banza ba ce, domin a watan Oktoba na 2024 Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na Babban Birnin Tarayya ba su da ikon kama mota ko cin tarar direba. Idan har sai da aka je gaban joji kafin a warware wannan a Abuja, ina ga wanda iyakar karatunsa allo? Duhun nan shi ne gonar masu cewa "a ga juna", kuma takarda ce kaɗai fitilar da ke kore shi, tunda mai rubuta takarda dole ya sa sunansa, da hukumarsa, da sashen dokar da ya dogara da shi.

Wani zai ce ai rubuce-rubucen nan al'adar Bature ce. Wannan jahiltar tarihi ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya ba Modibbo Buba Yero tutar kafa ƙasar Gombe, ya jera miyagun ɗabi'un sarakunan da ya yaƙa, ciki har da wadda ake kira kamuwa: a ƙwace dabbar mutum ba da izninsa ba a yi wa sarki dako da ita, wanda ya bi sawun tasa ya samu, wanda bai bi ba ya yi asara. A cire jaki a sa babur, a gaya mana bambancin. Daɗin daɗawa, kundin shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914 yana nan har yau, har wani masani mai suna Allan Christelow ya fassara wasu daga ciki ya buga a 1994. Magatakardan da ke aiki da alƙalamin kara da tawadar ƙaro ya bar mana hukuncin da ya haura shekara ɗari. Wane uzuri ke ga zamanin kwamfuta idan hukuncin watan jiya ya gagara nemowa?

Illar rashin kundi ta wuce asarar Naira dubu biyu. Wanda aka zalunta ba shi da abin da zai riƙa ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha, domin ba a ɗaukaka ƙara da "an ce". Baitulmali ya yi asarar kuɗin da za a cike ramukan hanya da su. Jami'in kirki ya rasa abin da zai wanke kansa da shi ran da aka yi masa ƙazafi. Mafi muni, direban da aka kama sau goma da gudun wuce sa'a, ya ba da na goro sau goma, babu maki ko ɗaya a kan lasinsa. Ran da ya bi ta kan ɗan wani a ƙofar makaranta, zai tsaya gaban alƙali a matsayin wanda bai taɓa laifi ba, lauyansa na roƙon sassauci. Iyayen yaron nan su ne ke biyan ainihin tarar da aka yafe a bakin hanya.

Masu abin hawa ma suna da kasonsu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hujjarsu kullum ita ce ɓata lokaci: wa zai bar fasinja ya je layin banki? Gaskiya ne yinin ɗan acaɓa shi ne tuwon gidansa. Amma wanda ya sayi kansa yau ya yanka wa kansa farashin gobe, kuma kamawar ba za ta ƙare ba tunda ta zama kasuwa. Maganin wahalar biya shi ne a sauƙaƙa ta. A Ingila akan ba mai irin wannan laifi kwana 28 ya biya ko ya zaɓi zuwa kotu. A gundumomi da dama na Amurka, mutum kan sa lambar takardarsa a shafin intanet na kotu, ya ga tuhumar, da ranar zama, da abin da aka yanke. Ba aljanu suka gina musu wannan ba. Mu ma muna da tubalin a ƙasa: Dokar Shaida ta 2011 ta wajabta wa mai riƙe da takardar hukuma ya ba da tabbataccen kwafinta ga wanda ke da haƙƙin dubawa idan ya biya kuɗin da aka ƙayyade, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai tambaya, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

Don haka muna kira ga ɓangaren shari'a na Jihar Gombe da ya tabbatar duk zaman kotun tafi-da-gidanka ya koma cikin kundin rajistara da lambar shari'a, a kuma tanadi tebur guda sananne inda mai lamba zai je ya duba, ya karɓi kwafinsa ba tare da neman hanya ba. Muna kira ga kowace hukuma mai tsayar da mota ta buga jadawalin laifuffuka da tararsu da Hausa, boko da ajami, a manna a tashoshin mota da majalisun 'yan Keke Napep, a karanta shi a rediyo. A riƙa bayyana wa jama'a duk wata yawan takardun da aka rubuta da kuɗin da suka shiga asusu. Mu kuma ma'abota nazarin Hausa, malamai da ɗalibai, wannan fassara aikinmu ce, domin harshen da muke yi wa hidima a aji shi ne wanda ake tsorata mutane da rashin sa a bakin titi.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, ran da aka ɗaga maka hannu, tsaya cikin ladabi, kada ka yi gardama, kada kuma hannunka ya nufi aljihu. Nemi a rubuta maka. Karanta laifin, ka duba sunan jami'in da lambar takardar. In ka san ka yi, je ka biya a banki, ka adana rasit tare da takardun abin hawanka. In ba ka yi ba, faɗa wa majistare haka da bakinka, ka nemi tafinta in kana buƙata, bayan hukunci kuma ka nemi kwafinka kafin mako ya zagayo. Za ka rasa yini guda, wataƙila biyu. Amma ran da masu neman takarda suka yi yawa a titunan Gombe, masu kamuwa za su nemi wata sana'ar. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa mu ga wannan rana.