Kafin Ka Zana Ido, Ka San Inda Ƙafa Za Ta Tsaya

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya san matasanmu sun iya riƙe fensir. Za ka ga fuska, ido na sheƙi, kowane gashin gira a wurinsa, jama'a na ta zuba Masha Allah. Amma zaunar da mutum a gaban da yawansu ka ce su zana shi daga kai har ƙafa. Nan za ka ga kai ya cinye rabin takarda, ƙafafu sun rasa wurin zama, ko mutumin ya maƙale a tsakiya ɗan mitsitsi.

Dalilin a fili yake. Mai kwafa daga hoton waya, kyamara ta riga ta zaɓar masa inda komai zai zauna. Shi bai taɓa yanke wannan shawara da kansa ba, alhali ita ce rabin aikin.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Kafin komai, sa ɗigo inda kai zai tsaya, wani inda ƙafa za ta ƙare, ka bar sarari sama da ƙasa. Miƙe hannu da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka auna: tsayin baligi a tsaye kusan kai 7 da rabi ne. Yi ƙananan zane 3 ko 4, kowanne kamar kwalin ashana, minti ɗaya-ɗaya, ka gwada takarda a tsaye da a kwance. Huda taga a jikin kwali ka leƙa ta ciki. Ka kuma lura da sararin da ke tsakanin hannu da jiki, domin shi ma siffa ce.

Kuma ba dole mutum ya zauna a tsakiya ba. Edgar Degas na Faransa yakan ture mutanensa gefe, har bakin zanen ya yanke su, kuma da gangan yake yi. Bambancinsa da mai ƙafar da ta faɗo daga takarda shi ne niyya.

Don haka, malam mai zane, ajiye wayar. Ga ƙanenka yana cin tuwo, ga mai shayin unguwa. Nemi izini, ka zana goma a rana. Ba za su kawo maka mabiya yanzu ba, amma ranar da aka zauna a gabanka aka ce "zana ni", hannunka ba zai yi rawa ba.