Ɓarin Awaki: A Gyara Ma'ajiyar Abinci Kafin A Zargi Kyanwa

Idan akuya ta yi ɓari, akasarin masu kiwo kan ɗora laifin a kan sanyi, ko tunkuyi, ko wata muguwar ciyawa da ta ci. Waɗannan na iya zama sanadi. Amma akwai wata cuta mai suna toksofilasma wadda ba a cika ambatonta ba, alhali tana cikin manyan masu haddasa ɓarin awaki da tumaki a duniya. Akuya kan ɗauki ciki na kimanin kwana 150, don haka ɓari ɗaya asarar ciyarwar wata biyar ce. A ra'ayina, mafi yawan wannan asara daga ma'ajiyar abincin dabbobi take farawa, kuma can ya kamata gyara ya fara.

Yadda cutar take yaɗuwa

An gano ƙwayar cutar a shekarar 1908 a ƙasar Tunisiya, amma sai a 1970 masana suka tabbatar cewa a cikin hanjin kyanwa da danginta kaɗai take yin ƙwai. Kyanwa kan kamu idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai ɗauke da cutar. Daga nan sai ta riƙa zubar da miliyoyin ƙwayaye a cikin kashinta na tsawon mako ɗaya zuwa uku. Ƙwayayen ba sa iya harbin dabba sai sun yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje, amma da zarar sun nuna, suna iya wuce shekara a raye a wuri mai laima da inuwa. Akuya kan haɗiye su a cikin abinci ko ruwa.

Abubuwan da ke jawo haɗari

Na farko shi ne ajiye abinci a buɗe. Ɓeraye na bin dusa da ƙowa, kyanwa na bin ɓeraye, kuma ɗabi'arta ce ta yi kashi a cikin abu mai laushi ta binne. Tulin dusa ko harawar da aka zube a ƙasa ya dace da buƙatarta. Kashi kaɗan ya isa ya gurɓata abincin garke baki ɗaya, ba tare da mai kiwo ya ga wata alama ba.

Na biyu shi ne ruwan sha. Ruwan sama kan wanke ƙwayayen zuwa kududdufi da rafi da rijiyar da ba ta da murfi. Zafin rana da bushewa na kashe su, saboda haka haɗarin ya fi yawa da damina, da wuraren fadama, da yankunan kudancin ƙasar nan masu yawan ruwa. Sai dai ko da rani, gindin komin ruwa da ke jiƙe kullum mafaka ce gare su.

Na uku shi ne jefa wa kyanwa mabiyiya, ko ɗan da aka yi ɓarinsa, ko ɗanyen kayan ciki ranar yanka. Mai yin haka yana mayar da cutar gidansa da hannunsa.

Asara ta fi tsanani ga akuyar da ta fara gamuwa da cutar tana da ciki. Idan cikin ƙarami ne sai ya lalace, a ɗauka ba ta ɗauka ba. Idan ya kai tsakiya sai ɓari, ko ɗan ya bushe a ciki. Idan ya tsufa, ana iya haihuwar ɗan a mace ko maras ƙarfi. Sau da yawa uwar ba ta nuna wani ciwo.

Me ya sa korar kyanwa ba magani ba ne?

Wasu na ganin a kawar da kyanwa kawai a huta. Ban yarda da wannan ba. Kyanwar da ta manyanta galibi ta riga ta kamu, jikinta ya samu kariya, kuma ba kasafai take sake zubar da ƙwayaye da yawa ba. 'Yan ƙanana masu koyon farauta su ne suka fi yaɗawa. Idan aka kori babba, ɓeraye za su yawaita, baƙin kyanwoyi su shigo su haihu a cikin harawa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da ya kamata a yi

A zuba dusa da ƙowa a durom ko randa mai murfi. A ɗora harawa a kan rumfa, ko a ɗaki mai ƙofa da ake rufewa. A kafa wa ɓera tarko. Kada a bari kyanwa ta haihu kusa da abinci ko turke. A share kashinta kowace rana tun bai zama haɗari ba. A ɗaga komin abinci daga ƙasa, a shayar da masu ciki da ruwan famfo ko na rijiya mai murfi. A binne mabiyiya da ɗan ɓari a rami mai zurfi, ko a ƙone su.

Babu maganin da ke fitar da cutar daga naman dabbar da ta kamu. Allurar Toxovax da ake amfani da ita a Ingila da Faransa kuwa domin tumaki aka yi ta. Haka kuma bakkale na jawo ɓari irin wannan, don haka idan ya maimaitu a garke, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi ya aika da samfur ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom.

Lamarin ya shafi lafiyar iyali, domin a gidajenmu mata ne suka fi kula da awaki. Idan mai juna biyu ta kamu, cutar na iya zubar da cikin ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. Don haka kada ta taɓa mabiyiya ko kashin kyanwa. A tafasa nonon akuya kafin a sha, a dafa nama har jan cikinsa ya ɓace, a wanke hannu da sabulu bayan aikin garke. Kuɗin murfin durom bai kai kuɗin ɗan akuya ɗaya ba.