Gidajen Abuja Ba Na Masu Albashi Ba Ne

Duk ma'aikacin da ya ɗaura niyyar sayen gida a Abuja da guminsa, to ya shirya shan wulaƙanci. Tsadar tana ƙona rai, amma abin da ya fi ta ciwo shi ne yadda ake kallon mai kuɗin halal kamar ɓatan kai ne ya shigo da shi kasuwar da ba tasa ba.

Na jima ina neman inda zan ajiye iyalina mu huta da haya. Kafin dillali ya buɗe maka ƙofa sai ka biya kuɗin gani, ko ka saya ko ka fasa. Ya ja ka wani kango can bayan Lugbe, babu kwalta, babu ruwan famfo, ya dube ka ido cikin ido ya ce, "Alhaji, miliyan sittin ne, kuma akwai mai turo kuɗi gobe." Ga la'adarsa, ga kuɗin lauya. Ka tambayi takardar mallaka, ya ce tana kan hanya. Kowa ya san abin da ke jiran mai gidan da ba takarda a birnin nan: wata safiya ya tarar da jan fenti a katanga, motar rusau na biye.

A yi lissafi. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Ko da mutum zai yi shekara 30 bai ci ba, bai sha ba, bai biya kuɗin makarantar ɗansa ba, abin da zai tara bai wuce miliyan 25 da 'yan kai ba. Rabin kuɗin kangon nan ma bai kai ba. Tun 1992 ake yankar kashi 2.5 na albashin ma'aikata ana zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa, da alkawarin bashi mai ruwa kashi 6 har tsawon shekara 30. Shiga kowane ofishi ka tambaya, mutum nawa suka mallaki gida ta nan? Bankunan kasuwanci kuwa, a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bashinsu igiyar rataya ce. Wannan ma ga wanda ya yarda ya ci bashi da ruwa ke nan, da yawanmu addini ya hana mu.

Masu gine-gine za su ce siminti ne. Gaskiya ne, bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023 kayan gini sun tashi, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Amma ba siminti ne ya kulle gidajen Maitama da Asokoro da Guzape ba. Bi layukan da daddare ka gani: benaye a jere, duhu ɗum, daga maigadi sai ciyawa. Shekaru suna wucewa ba mai haya, ba mai saye, mai gidan kuma ko a jikinsa, domin ba don zama ya saya ba. Rumbun ɓoye kuɗi ne. Wanda bai yi gumin kuɗinsa ba ba ya neman ragi, duk abin da aka faɗa zai biya, daga ranar kuma farashin unguwar ya koma haka. Da shi malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya suke gogayya a kasuwa ɗaya.

Wanda yake ganin ƙazafi nake yi ya tuna Disambar 2024, lokacin da kotu ta ƙwace rukunin gidaje 753 a Lokogoma, waɗanda aka alaƙanta da tsohon gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele. Gidaje 753! A birnin da masu share ofisoshinsa da masu gadinsa ke barin Mararaba da Masaka bayan sallar asuba, su ƙare ƙarfinsu a cunkoson Nyanya kafin su fara aiki.

Gwamnati ba ta da bakin cewa kasuwa ce ta jawo. Ƙasar Abuja duka a hannunta take, minista ke raba filaye. Ana ba masu uwa a gindin murhu, su kuma su juya su sayar da ninkin-ba-ninki ba tare da sun aza bulo ɗaya ba. Gwamna Jakande ya gina wa talakawan Legas gidaje, Shagari ya yi nasa a jihohi, an gina Gwarinpa a zamanin Abacha. Ashe ana iyawa idan an so.

A sa haraji mai nauyi a kan duk gidan da aka kulle shekara da shekaru ba kowa, a kuma wallafa sunan duk wanda aka ba fili a birnin nan. Gidajen Lokogoma kuwa, gwamnati ta ce za ta kammala su ta sayar wa jama'a. To kada a yi cinikin a ɗaki. A kira ma'aikatan da aka shekara ana yankar albashinsu, a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, a ba su su biya a hankali. Su ne suka fi kowa haƙƙi a kansu.