Aikin tsaftace mahaƙar yuraniyom ta COMINAK

Aikin tsaftace mahaƙar COMINAK shi ne aikin toshe ramuka da binne sharar yuraniyom a garin Akokan, kusa da Arlit a jihar Agadez ta Jamhuriyar Nijar. An shiga aikin ne bayan da kamfanin ya daina haƙa a ranar 31 ga Maris, 2021. Yuraniyom ma'adini ne da ake sarrafawa ya zama makamashin tashoshin lantarki na nukiliya. Mazauna Arlit da Akokan sun haɗa da Abzinawa da Hausawa da sauran al'ummomin da neman aiki ya kawo su daga kudancin ƙasar.

Tarihi

An kafa COMINAK a shekarar 1974, ya fara fitar da ma'adinin a 1978. Ramukansa sun kai zurfin kimanin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa. Babban mai hannun jari shi ne kamfanin Orano na Faransa, wanda a da ake kira Areva, sai kamfanin gwamnatin Nijar mai suna SOPAMIN. A tsawon shekara 43 an haƙo kimanin tan 75,000 na yuraniyom. A wancan lokacin ana niƙa dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid, a tace gari mai launin rawaya, a zuba a durom, sannan manyan motoci su kai shi tashar jiragen ruwa ta Kwatano. An rufe mahaƙar ne saboda ma'adinin ya ƙare, kuma ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki.

Sharar da aka bari

Niƙaƙƙen dutsen da ya rage bayan tacewa ya kai kimanin tan miliyan 20. An tsibe shi a fili mai faɗin hekta 120, tsayinsa a wasu wurare ya kai mita 35. Tacewar yuraniyom kaɗai take cirewa. Sinadaran radiyom da toriyom suna nan cikin sharar, shi ya sa mafi yawan tururin nukiliyar da ke cikin dutsen tun asali bai tafi ko'ina ba.

Gubar tana iya isa ga mutane ta hanya uku: ƙurar da iskar hamada ke kwasa, da iskar radon da ke tashi daga tsibin, wadda shaƙarta ke jawo ciwon dajin huhu, da kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ruwan sama ƙalilan ne a yankin, don haka jama'a sun dogara da tsohon ruwan da ya taru a ƙasa tun dubban shekaru. Idan ya gurɓata, babu wani a kusa.

A shekarar 2009 ƙungiyar Greenpeace ta yi gwaje-gwaje a garuruwan biyu tare da cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa. Rahotonsu na 2010 ya ce an sami wurare a titunan Akokan da tururin ya ninka na al'ada har sau 500, an kuma ga gurɓatattun ƙarafan mahaƙa a kasuwa. Irin wannan ƙarfe ba ya wari, ba ya sauya launi, mai saye ba zai gane shi ba sai da na'urar awo. Kamfanin dai yana cewa yawan tururin da ke isa ga jama'a bai haura iyakar da doka ta gindaya ba.

Tsarin aikin

Tsarin da Orano ya gabatar ya ƙunshi toshe hanyoyin shiga ramuka, da kwance masana'antar tacewa, da lulluɓe tsibin shara da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2, domin hana ƙura da radon fita da kuma hana ruwan sama shiga. An ƙiyasta kuɗin aikin a kan sefa biliyan 95, za a shafe kimanin shekara goma ana yi, sannan a sa ido na aƙalla shekara biyar.

Masu suka, ciki har da CRIIRAD da ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit, wadda shugabanta Almoustapha Alhacen ya sami kyautar Nuclear-Free Future Award a 2017, suna ganin wa'adin ya yi kaɗan. Radiyom na ɗaukar shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, toriyom ɗin da ke haifar da shi kuwa kimanin shekara 75,000. Murfin sama kuma ba ya tare abin da ya riga ya tsiyaya ta ƙasa.

Siyasa da makomar aikin

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Faransa. A Yunin 2024 gwamnati ta ƙwace lasisin Orano na Imouraren, a Yunin 2025 kuma ta sanar da mayar da SOMAIR, ɗaya mahaƙar ta Arlit, hannun ƙasa. Rikicin ya fi karkata kan yuraniyom ɗin da ake sayarwa. COMINAK ba ya kawo kuɗi, ci yake yi, saboda haka tambayar wa zai biya kuɗin awon ruwa da gyaran murfi bayan wa'adi ita ce mafi nauyi ga mutanen Akokan.

Arewacin Najeriya ya ga irin wannan jinkiri. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, amma garin Bagega ya jira kuɗin aikin har 2013, yara suna wasa a gurɓatacciyar ƙasa. A Bagega kwashe ƙasar aka yi. Sharar Akokan ta fi ƙarfin kwashewa, a inda take za ta zauna, 'yan kilomitoci daga gidajen jama'a.